Hanyoyin Yammacin Zamfara da Hukumomin da Suka Raba Aikinsu

Wanda duk ya dubi taswirar tsohon Lardin Sakkwato zai ga hanyoyin mota na ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum sun fuskanci gabas, wajen Gusau. Dalilin wannan kuwa jirgin ƙasa ne. Dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau, ya isa Ƙauran Namoda cikin 1929. An yi nufin a zarce da shi Sakkwato, amma karyewar ciniki ta duniya ta auku a shekarar nan, sai aka tsaya. Tun daga sa'an nan abin da hukuma ta sa gaba shi ne yadda gyaɗa da auduga za su kai tasha.

A tsakiyar shekarun 1920 Gwamnati ta kasa hanyoyi aji aji. Manya, watau masu lamba A, suna hannun Ma'aikatar Ayyuka ta Gwamnati. Na ƙasa da su nauyinsu ya fi faɗawa kan En'e, wadda ke biya daga Baitulmali, cikin rabonta na haraji da jangali. A takarda rabon nan ya yi kyau. A daji kuwa aikin ya bi hannuwa da yawa: injiniya ya auna, Razdan ya sa hannu, majalisar Sarkin Musulmi ta ware kuɗi, sa'an nan magana ta sauko kan Sarkin Zamfara na Anka, da Sarkin Mafara na Gummi, da Sarkin Danko na Bukkuyum, su kuma su kira dagatai. Talaka ne ƙarshen layi, shi ke sharar hanya da ɗaukar marmara bayan damina. Dokar 1933 ta rage aikin tilas, amma fa ta bar ƙofa ga abin da ta kira ƙananan ayyukan gari, gyaran hanya kuwa na cikinsu.

Yawancin hanyoyin nan na rani ne. Idan Gulbin Zamfara da Gulbin Ka suka kawo ruwa, mota ta tsaya, jaki ya koma bakin aikinsa. Gada tana cin kuɗin da ya fi ƙarfin gunduma, hanyar kuwa ba ta kai matsayin da Gwamnati za ta ɗauka ba. Nan ne, a gaskiya, tsarin ya gaza.

Daga baya masu riƙon suka yi ta sakewa: Jihar Arewa, Jihar Arewa maso Yamma cikin 1967, Jihar Sakkwato da ƙananan hukumomi a madadin En'e cikin 1976, Jihar Zamfara cikin 1996. Hanyar da ta rabu a Mayanci ta bi Anka da Ɗaki Takwas zuwa Gummi ta sami kwalta. Na ƙauyuka aka bar wa hukuma mafi ƙarancin kuɗi.

An ga sakamakon haka cikin 2010, da gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara kamar 400 a 'Yargalma da Dareta da maƙwabtansu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe wuraren magani a asibitocin Anka da Bukkuyum, ma'aikatun Jiha da na Tarayya suka haɗa hannu da masana na Amurka wajen kwashe gurɓatacciyar ƙasa. Kauyukan nan biyu aka yi gaggawar sharewa a farkon damina. Sauran sai da suka jira ruwa ya ɗauke, hanya ta buɗe.