Daga Gidan Waya Zuwa Tafin Hannu

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Saboda haka ya kamata mu marubuta mu dubi yadda wayar salula ta shigo ƙasar nan, har ta zama ita ce kasuwarmu, ita ce kuma ma'ajiyar rubuce-rubucenmu.

Kafin shekarar 2001, wayar tarho ta ofisoshin gwamnati ce da masu hannu da shuni. Layukan NITEL a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, alhali kuwa jama'ar ƙasar sun haura miliyan 100. Talaka sai dai ya jefa wasiƙa a gidan waya, ko ya ba direba saƙo a tasha, ko ya aika gaisuwa ta filin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna. A wannan zamani ne adabin kasuwar Kano ya bunƙasa. Littattafai irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ana sayensu, ana hayarsu, kwafi ɗaya ya zaga unguwa har bangonsa ya yage.

A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisin wayar tafi-da-gidanka, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki. Da farko layi ɗaya yakan kai naira 20,000, shi ya sa masu lema suka cika bakin titi, ana buga waya a wurinsu a biya. Da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, sai farashi ya faɗo. Can a Amurka kuwa aka ƙirƙiro Facebook a 2004, WhatsApp a 2009. Waɗannan ba su game gari a wurinmu ba sai da wayoyi masu araha na ƙasar Sin, irin su Tecno da Itel, suka cika kasuwanni.

Daga nan ƙagaggen labarin Hausa ya yi hijira. Takarda ta yi tsada, masu hayar littafi suka ragu, marubuta, musamman mata, suka koma sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, mai karatu ya biya da katin waya ko ta banki. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne, domin matar da ke cikin ɗakinta a Gusau ta sami masu karatu a Damagaram da Kumasi ba tare da ta taka maɗaba'a ba.

To amma zanen aro ba ya rufe katara. A watan Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe shi ba sai Janairun 2022. A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna suka biyo baya. Ranar 4 ga Oktoba kuma Facebook da WhatsApp suka ɗauke a duk duniya na kusan awa shida. Har ila yau, a ƙarshen Nuwambar 2023 OkadaBooks, inda marubutanmu da yawa ke sayar da littattafansu, ya rufe ƙofa baki ɗaya. A duk waɗannan lokuta ba wanda ya nemi shawarar marubuci.

Mu kwatanta da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar 1933, amma har yau ɗalibanmu suna karanta shi a aji. Rubuce-rubucen malaman jihadi ma suna nan a Gidan Arewa da ke Kaduna. Ya labarin da aka saki a WhatsApp shekara biyar da suka wuce, wayar ta lalace, aka watse? Mai nazarin gobe, ina zai same shi?

Shawararmu ga 'yan'uwa ita ce, mu ci gaba da cin moriyar waya, amma duk labarin da aka kammala a tace shi, a buga shi ko kwafi kaɗan ne, a kai uku Laburaren Ƙasa kamar yadda dokar 1970 ta tanada, a ajiye wasu a jami'o'inmu. Allah Ya sa mu dace, amin.