Kujerar Hawan Bene a Gidajen Birtaniya: Nazari a Kan Inda Haɗarinta Yake da Sharuɗɗan Kiyaye Ta

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazari a kan kujera mai inji wadda ake kafawa a gefen matakalar bene domin ta hau da tsoho ko majiyyaci ta kuma sauko da shi, kamar yadda ake amfani da ita a gidajen Birtaniya. An bi ƙa'idojin ƙira da Turai ta shimfiɗa, aka gwama su da umarnin da maƙera suke bayarwa, sa'an nan aka auna su da halin wanda zai zauna a kai. Abin da ya bayyana shi ne maƙera sun tsare lokacin tafiyar kujerar tsarewa mai ƙarfi, amma lokuta biyu sun rage a wuyan mutanen gida: lokacin da mutum yake zama ko tashi a saman bene, da kuma sa'o'in da kujerar take ajiye babu kowa a kanta.

Muƙaddima

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ne suke rasuwa kowace shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a cikinsu, har faɗuwa ta zama ta biyu, bayan haɗarin hanya, cikin raunukan da suke kashe mutane ba da gangan ba. A ƙasa irin Birtaniya, inda galibin gidaje benaye ne, ɗakin kwana da makewayi suna sama, madafa da ɗakin zama suna ƙasa, wannan larura takan zo wa tsoho da fuska mai tsanani, domin ranar da gwiwarsa ta gaza ko numfashinsa ya soma yankewa a tsakiyar matakala, ranar ce rabin gidan da ya shekara arba'in a cikinsa ya gagare shi. Matakalar kuwa ƙunci gare ta da tsayi, tun da dokar gini ta Ingila ta halatta gangarenta ya kai digiri 42 a gidan zama.

Dabarar ɗaga mutum a kan matakala ba ta yau ba ce. A shekarar 2009 masanin tarihi David Starkey ya bayyana cewa ya samu, a cikin lissafin kayan Sarki Henry na Takwas, ambaton wata kujera da barori suke ja da igiya don su hau da sarkin a fadar Whitehall, bayan ƙiba da ciwon ƙafa sun nauyaya shi. Amma kujerar da muka sani yanzu ta samo asali ne daga wani injiniya, C. C. Crispen, a jihar Fensilbaniya ta Amurka cikin shekarun 1920, wanda ya ƙera ta saboda wani abokinsa marar lafiya. Kamfanin Stannah na Ingila, wanda aka kafa a Landan a 1867, ya soma ƙera nasa a 1975, daga nan kuwa abin ya yaɗu a gidajen talakawa da na masu hali baki ɗaya.

Yadda aka tsare tafiyarta

Wanda bai taɓa ganin kujerar ba yakan zaci a bango ake rataye ta, alhali kuwa dogon ƙarfen da take bi a kan matakalar kanta ake ɗaure shi, da ƙafafu waɗanda ake kafe su da kusoshi cikin katakon taki. A jikin dogon akwai jerin haƙora, a ƙarƙashin kujerar kuma akwai giya mai haƙora wadda injin yake juyawa, sai haƙori ya kama haƙori, kujera ta yi sama ko ta yi ƙasa. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 81-40 ta hana gudunta ya wuce santimita 15 a daƙiƙa, wato matakala madaidaiciya mai taki 13 takan ci kusan rabin minti. Wannan jinkiri da gangan aka yi shi, kuma shi ne rukuni na farko na amincinta.

Sauran rukunan suna biye. Maɓallin tafiya ba ya aiki sai an danne shi an riƙe, da zarar hannu ya saki kuwa kujerar ta tsaya. A gefen wurin ɗora ƙafa da gefen akwatin inji akwai faya-fayai masu jin taɓawa, waɗanda in suka ci karo da takalmi ko kyanwa ko abin wasan yara sai su yanke wuta nan take, ba kuma za su bari a ci gaba ba sai dai a koma ta inda aka fito. Akwai kuma na'urar da take lura da gudu, wadda idan giya ta karye kujerar ta nemi zarcewa ƙasa, sai ta saki wani birki na dabam ya cije dogon. Duk wanda ya yi wa waɗannan tsare-tsare duban adalci zai yarda cewa tsoron da yakan fara zuwa wa tsofaffi, wato kada abin ya tsinke da su a tsakiyar hanya, shi ne tsoron da hujjarsa ta fi rauni.

Mas'alar zama da tashi

Inda hankali ya kamata ya koma shi ne saman bene, a daidai lokacin da tafiya ta ƙare. A nan mutum yakan kasance zaune, bayansa yana wajen bango, matakala kuwa tana buɗe a gefensa tun daga sama har ƙasa, kuma idan ya miƙe a wannan hali, ƙafarsa ɗaya a kan faifan ƙafa ɗaya tana neman dandamali, to, ya jefa kansa cikin ainihin faɗuwar da aka sayi kujerar domin a guje mata, ga shi kuma daga taki mafi tsawo. Saboda haka ne aka yi mazaunin mai juyawa: akan danna wani hannu a gefensa, a juya shi har ya fuskanci dandamali, a ji ya kulle da ƙara, sa'an nan a kwance ɗamara, a kafa ƙafafu biyu a ƙasa, a dafa hannuwan kujera a tashi. A wannan tsari kujerar da kanta ta zama shinge tsakanin mutum da ramin matakala. Injin ba ya tashi sai mazaunin ya koma ya kulle a matsayin tafiya, amma fa babu abin da zai hana mai gaggawa miƙewa tun bai juya ba, kuma a nan ikon maƙeri ya ƙare.

Gaggawar nan kuwa tana da sababi sananne. Tsohon da fitsari ya matse shi cikin dare, ko wanda ya ji ana ƙwanƙwasa ƙofa, ba ya jin rabin minti gajere ne, sai ya bar ɗamara a kwance, ya ce ai nan da nan ne. Marubucin wannan maƙala yana ganin ɗaura ɗamara farilla ce a kowace tafiya, ba mustahabbi ba, domin jiri da hajijiya ba sa aiko da sanarwa, musamman ga mai shan maganin hawan jini wanda jininsa kan faɗi idan ya canja zama. Haka nan ya kamata a bar fitila a kunne a saman bene da ƙasansa, a kuma ajiye sanda ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, maimakon a riƙe ta a hannu ana tafiya, inda za ta iya maƙalewa a jikin makarin matakala. Wanda yake sa babbar riga ko zani mai jan ƙasa, ko mace mai dogon mayafi, wajibi ne ya tattare tufafinsa a cinya tun kafin ya taɓa maɓalli, domin haƙoran dogo ba sa bambanta ƙyalle da wani abu.

Kujerar ta mutum ɗaya ce. Kaka ba za ta ɗauki jikanta a cinya ba, kome kukansa, kuma ba a ɗora mata kaya masu nauyi, domin kowace tana da iyakar nauyin da aka rubuta mata, galibi daga kilo 120 zuwa 160, sai waɗanda aka ƙera musamman don masu jiki. Gidan da yara suke zuwa kuwa, sai a kashe ta da makullinta a cire shi. Idan gobara ta tashi ba a hawanta.

Akwai kuma wanda kujerar ba ta dace da shi ba tun asali, ko da kuɗinta yana hannu. Wanda ruɗewar tsufa ta kama shi yana iya yunƙurin sauka a tsakiyar tafiya, mai farfaɗiya yana iya faɗuwa a kanta, wanda kuma ba ya iya tashi daga keken guragu da kansa ya fi bukatar dandamalin da zai ɗauke shi da kekensa gaba ɗaya. Don haka a Ingila, kafin ƙaramar hukuma ta ba da tallafin gyaran gida ga naƙasassu, wanda dokar 1996 ta tanada kuma yake iya kaiwa fam 30,000, takan aiko ma'aikacin lafiya ya ga yadda mutumin yake zama da tashi a gidansa. Wanda ya saya da kuɗinsa ba a tilasta masa wannan dubawa ba, amma shi ma bai wadata daga gare ta ba, tun da mai sayarwa matakala yake aunawa, ba majiyyaci ba.

Mas'alar batir

Lokaci na biyu shi ne na ajiya. Galibin kujerun zamani ba da wutar gida kai tsaye suke tafiya ba, da batura biyu suke aiki masu bolt 12 kowanne, na dalma, a rufe, waɗanda suke shan caji idan an tsayar da kujerar a mazauninta na sama ko na ƙasa. Fa'idar wannan a fili take, domin ko an ɗauke wuta kujerar za ta yi 'yan tafiye-tafiye kafin ta gaji. Amma illar da take tattare da shi ba ta bayyana sai ta auku. Tsofaffi da yawa, saboda tattalin da suka saba da shi tun ƙuruciya, sukan bi soket-soket da dare suna kashewa, har da na cajar kujera, alhali abin da cajar take ci kaɗan ne ƙwarai. Batirin dalma kuwa idan ya zube ƙarƙaf ya daɗe a haka, wani gishiri yakan daskare a kan farantansa, batirin kuma ba ya komawa yadda yake. Haka yake faruwa idan an bar kujerar taki biyu kafin mazauninta. Ƙarar da take yi a wannan hali gargaɗi ce cewa ba ta shan caji, kuma babban kuskure ne a kashe kujerar don a huta da ƙarar.

Ko da an kiyaye duk wannan, batir yana da ajali, galibi daga shekara 2 zuwa 5, kuma alamar ƙarewarsa ita ce kujerar ta riƙa nauyi wajen hawa alhali tana sauka lafiya. Wanda ya ga haka ya kira makaniki tun bai maƙale ba. Idan kuwa ta tsaya da mutum a tsakiya, hukuncinsa shi ne ya zauna da ɗamararsa a ɗaure, ya duba ko mazaunin ya goce daga kullinsa ko wani abu ya tokare faifan ƙafa, ya kira taimako, kada ya ce zai sauka da ƙafarsa. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake son mai zaman kaɗaici ya rataya wayarsa a wuya duk lokacin da zai hau.

Dubawa da shara

Abin da ya rage wa mutanen gida na aikin hannu kaɗan ne: a goge dogon da busasshen ƙyalle a kai a kai, a tsince gashi da zaren kafet daga haƙora, a nisantar da ruwa daga wuraren caji, a naɗe mazauni da faifan ƙafa bayan amfani don kada masu tafiya da ƙafa su yi tuntuɓe. Shafa giris kuwa ba na kowa ba ne, domin wasu dogayen suna bukatarsa wasu kuma yana ɓata su, sai a bi littafin maƙeri. Buɗe akwatin inji aikin makaniki ne, wanda maƙera suka yi ittifaƙi a kan ya zo aƙalla sau ɗaya a shekara ya gwada birki da faifan tsaro da kusoshin da suka riƙe dogon.

A nan akwai wani giɓi a doka wanda ya cancanci a lura da shi. Dokar Birtaniya ta 1998 a kan na'urorin ɗaga kaya da mutane a wuraren aiki ta wajabta a yi wa duk na'urar da take ɗaukar mutum cikakken bincike kowane wata 6, kuma gidajen kula da tsofaffi suna ƙarƙashinta. Kujerar da mutum ya kafa a gidansa don kansa ba ta shiga wannan hukunci ba, sai ta zama amana a hannun iyali, ga shi kuma a nan ne tsoho ya fi zama shi kaɗai.

Duk wannan a Birtaniya ke nan. Wanda kuwa ya yi niyyar kai irin wannan kujera Kano ko Yamai domin mahaifinsa, ya sani an ƙera ta ne da zaton wuta ba ta yankewa sai nadiran, da sanyin ƙasa, da matakalar katako. Zafi yana gajarta ran batirin dalma, har ma'abota sanin batir suna lissafin cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana rage rabin rayuwarsa. Ƙurar hunturu tana cakuɗewa da giris ta zama abin da yake cin haƙora. Matakalar kankare mai tayil kuma tana bukatar kusoshi na dabam. Dogon matakala mai lanƙwasa kuwa gwargwadon gida ɗaya ake ƙera shi, saboda haka na hannu da aka ciro daga wani gida a Landan ba zai zauna a wani ginin ba. Kafin a biya kuɗin jirgi, sai a fara tabbatar da wutar da ba ta yankewa a soket ɗin caja, da kuma makanikin da zai iya samo batir da kayan gyara a garin da tsohon yake.