Rantsuwa a gaban sarki: yadda ake kama maƙaryaci a Katsinar Maraɗi

A Sarkin Yamma, kamar sauran garuruwan gundumar Madarunfa, rikicin da ya fi kai mutane ƙofar sarki shi ne na iyakar gona. Dattawan da suka ga lokacin da aka sari dajin sun ƙaura, takarda babu, kowa kuma na cewa gadon kakansa ne. Ɗaya cikin biyun ƙarya yake yi, ko kuwa ya gaji ƙarya bai sani ba. To, yaya mai hukunci zai gane?

Tambayar ta girmi Maraɗi kanta. Kafin sarakunan Katsina da jihadi ya kora su kafa gari a bakin gulbi a farkon ƙarni na 19, Anna na zaune a wannan ƙasa da nasu hanyoyin. Suna rantsuwa da aradu, bisa imanin cewa wanda ya yi ta kan ƙarya ba zai ga ƙarshen damina ba. Kalmar ta tsira: har yau yaro kan ce "aradu" a kasuwa, bai san abin da ya kira wa kansa ba. Can kudu, inda itacen gwaska ke fitowa, akan jiƙa ɓawonsa a bai wa wanda ake zargi. In ya amayar ya kuɓuta, in dafin ya kama shi an ce gaskiya ta yi halinta.

Shari'ar Musulunci ta zo da tsari na daban. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda almajirai ke karantawa cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a shekarar 996, mai ƙara ne ke kawo shaidu, wanda ya musa shi ke rantsuwa. In abin da ake jayayya a kai ya kai rubu'in dinari, ba a ko'ina ake yin ta ba: a masallacin Juma'a ne, a tsaye. A nan hikimar take. Ba a ɗora wa alƙali karatun fuska ba. An dai tsananta wa mai rantsuwar wuri da yanayi, don zuciyarsa ta tuhume shi da kanta. A ƙasar Hausa aka ƙara da alwala, da dafa Alƙur'ani, da tsoron kuturta ko talauci ga wanda ya ci rantsuwa. Shi ya sa ake ba da kwanaki tsakanin yanke rantsuwa da ranar yin ta. Cikin kwanakin nan ƴan'uwa ke shiga, uwa ta yi kuka, sau da yawa a sasanta kafin a kai ga buɗe gafaka.

Zuwan Faransa ya dagula lissafin. Kumandan ba ya jin Hausa, sai abin da tafinta ya faɗa masa, wanda kuwa ya karanta littafin Amadu Hampate Ba na 1973 kan Wangrin ya san irin cinikin da ake yi a tsakanin harsuna biyu. Ga kuma sha'anin ido. Bature ya tashi da cewa mai gaskiya yakan dubi mutum cikin ido. Bahaushe kuwa an hore shi ya sunkuyar da kai gaban babba. Kunya a nan, alamar laifi a can.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna auna wannan zato. Wani bincike da aka buga a 2006, wanda ya ratsa ƙasashe 75, ya nuna kawar da ido ita ce alamar da mutane suka fi danganta wa maƙaryaci, alhali gwaje-gwaje ba su sami alaƙa mai ƙarfi tsakanin biyun ba. A shekarar dai Charles Bond da Bella DePaulo suka tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa, suka samu cewa mutum kan dace sau 54 ne kacal cikin 100 wajen rarrabe gaskiya da ƙarya, wato kaɗan ya ɗara canke. Ita ma na'urar da John Larson ya haɗa a Amurka a 1921 bugun jini da numfashi take aunawa. Tana ganin tsoro, ba ta ganin dalilinsa, kuma a 2003 majalisar masana kimiyya ta Amurka ta bayyana cewa hujjojin ingancinta masu rauni ne. Marar laifi mai firgita na iya faɗuwa, ƙwararren ɓarawo ya wuce.

Rantsuwa ma da tsoro take aiki, sai dai ba ta taɓa ɓoye haka ba. Rauninta a fili yake: wanda zuciyarsa ta bushe yana iya dafa Littafi ya tafi da gonar marayu. Christian Lund, wanda ya bi rikicin ƙasa a jihar Damagaram ya kuma wallafa littafinsa a 1998, ya tarar rantsuwa da Alƙur'ani na nan daram cikin shari'ar gonaki. Kundin dokokin karkara na 1993 ya zo da kwamitocin ƙasa da rubuta sulhu a takarda. Amma gonakin da aka sara tun zamanin kakanni ba su da takarda, kuma a kansu ne ake kai ƙara.