Injin Yanka Itace da Haƙƙin Waɗanda Ba a Haifa Ba

Gatari yana da iyaka, domin hannun da ke riƙe da shi yakan gaji. Injin yanka itace kuwa sai dai mai ya ƙare masa. Kiryar da ta shekara hamsin tana girma, cikin 'yan mintoci yakan kwantar da ita, a ƙone ta gawayi, mota ta kwashe buhuna zuwa birni. Fasaha ta gajarta lokacin ɓarna, amma ba ta rage wa itace ko damina ɗaya daga lokacin girmansa ba. A kan irin wannan giɓi ne masanin falsafa Bajamushe Hans Jonas ya gina hujjarsa a 1979, cewa nauyin da ke wuyan mutum yana ƙaruwa gwargwadon nisan da ikonsa ya kai. Mu nan mun daɗe da sanin haka a matsayin amana, sai dai mun taƙaita ta ga ajiyar kuɗi da dukiyar marayu.

Dubi dajin Zamfara da ke ƙasar Zurmi. Turawa suka keɓe shi, dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 kuma ta ƙarfafa haƙƙin makiyaya a irinsa. A da, tsakanin manoman ƙauyen Dumburum da Fulanin da ke kewaye da su akwai tsohuwar yarjejeniya: bayan kaka shanu su kwana a gona su ci kara, su bar taki, manomi ya ba da hatsi. Bayan 1999 aka yi ta yanka gonaki a dazuzzukan jihar Zamfara, burtali ya toshe, hanyar mashaya ta ƙuntata. Ba wannan kaɗai ya haifi ta'addancin yau ba, akwai zalunci da talauci da kwararowar makamai. Amma yaran da ba a haifa ba ranar da aka sa hannu a takardun rabon gonakin, su ne matasan da noma ya gagara a karkarar Zurmi da Shinkafi, wasunsu suna gudun hijira a Ƙaura Namoda. Babu wanda ya zauna a madadinsu ranar rabon.

Za a ce mai jin yunwa ba ya lissafin jikoki. Gaskiya ne, kuma ban yarda a ɗora laifin a kan matar da ke tsintar makamashi ba. A nemi mai inji da mai mota da mai alƙalamin ba da izini, domin a hannunsu ikon yake.

Talaucin ma bai hana gyara ba. A ƙetaren iyaka, tun cikin shekarun 1980, manoman Maraɗi suka daina tumɓuke kututture lokacin sharar gona. Sukan zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi, su sassabe sauran da wuƙa, su kare su daga awaki. Da wannan dabara aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Gawon da ya dawo yana kaɗe ganye da damina ya bar wa gero rana, da rani kuma ya ciyar da dabbobi da 'ya'yansa.

Saboda haka duk zaman neman lafiya da za a yi a wannan yanki, ya kamata taswirar burtali da rajistar masu injin yanka itace su kasance a gaban sarakuna. Awon da shata iyakokin kuwa aiki ne da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda za ta iya ɗauka.