Jiragen Da Suka Ja Arzikin Kano

 

Kwanakin baya muna karatun Suratul Kahfi a makarantarmu da ke Fagge, muka zo kan ƙissar miskinan nan masu sana'a da jirgin ruwa, sai wani ɗalibi ya ce, "Malam, mu Kanawa ina ruwanmu da jirgin ruwa?" Aji ya fashe da dariya. Ni kuwa tambayar ta tsaya mini a rai, domin tarihin unguwar da yake zaune a cikinta ya isa ya ba shi amsa.

A da, Fagge zangon ayarin raƙuma ne. Abin da ya sauya ta shi ne jirgin ƙasa, shi kuwa jirgin ƙasa ta ruwa ya zo mana. Zamanin Gwamna Girouard, Turawa suka fara shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, kuma a jiragen ruwa aka riƙa hauro da ƙarafunan har Baro idan kogi ya kawo. Dogo ya iso Kano a 1911. Ba da jimawa ba aka yanka Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo shi daga Kudu.

Daga nan sai cinikin gyaɗa ya buɗe, attajirai irin su marigayi Alhassan Dantata suka shahara, aka yi ta jera dalar gyaɗa a wajen Ƙofar Mazugal. Mafi yawanta Legas ake kai ta, amma wani kaso a Baro ake sauke shi, a loda a faffaɗan jiragen kaya marasa inji, a gangara da su Burutu. To, wa ke jan su? Wani ɗan ƙaramin jirgi ne, kusan duk cikinsa inji, ba ya ɗaukar kaya ko fasinja. Aikinsa ja da turi kurum. Haka nan a tashar Apapa, sai irinsa ya lallaɓa ƙaton jirgin teku sannan ya iya jingina da gaɓa. Kakanninmu sun ci arzikin waɗannan jirage, alhali galibinsu ba su taɓa ɗora ido a kansu ba.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da safarar kogi, kuma ba ta sake komawa yadda take ba. Fari ya biyo baya, cuta ta faɗa wa gyaɗa a 1975, hankalin hukuma ya koma kan man fetur, manyan motoci suka karɓe dako. A 2019 an ƙaddamar da sabuwar tasha a Baro, amma shekaru suka biyo baya ba ta cika da jirage ba.

A sauran duniya ma, jiragen ja na katako sun kauce wa na ƙarfe, aka bar akasarinsu suka ruɓe ko aka farfasa su. Sai dai an ceci kaɗan. Akwai wani mai suna Arthur Foss da aka ƙera a 1889, yana ajiye a birnin Siyatul na Amurka a matsayin kayan tarihi. Wannan ne ya fi sosa mini rai, domin da na so nuna wa ɗalibaina wani abu, hotonsa na buɗe musu a waya. Filin dalar gyaɗa kuwa, da ba shi da nisa da ajinmu, sai da baki na kwatanta musu yadda yake a da.