Satar 'ya'yan itace da rigimar da ta biyo bayanta

Wajen shekarar 370, a garin Tagaste, inda a yau ake kira Suk Aharas a gabashin Aljeriya, wani yaro ɗan shekara 16 ya bi abokan yawonsa da daddare suka karkaɗe bishiyar maƙwabci. Ba yunwa suke ji ba, kuma a gidansu yaron akwai 'ya'yan itacen da suka fi waɗannan zaƙi. Suka ɗan gatsa, sauran suka watsa wa aladu. Yaron nan shi ne Agustin. Kusan shekara talatin bayan haka, lokacin ya zama bishop a birnin Hifo, wato Annaba ta yanzu, ya rubuta labarin satar a littafinsa na ikirarin zunubai, yana ta juya ta kamar alƙalin da ya rasa dalilin laifi. Ɓarawon hatsi yunwa ce ta kai shi, an gane. To wanda ya yi sata don satar kanta ta yi masa daɗi fa?

Tambayar da ta addabi malaman Kirista ke nan tun farko: idan Allah nagari ne, kuma mai iko duka, shi ya halicci komai, daga ina mugunta ta ɓullo?

Amsar da Agustin ya fara kamawa yana ɗalibi a Kartaj ba ta coci ba ce. Mahaifiyarsa Monika Kirista ce mai yawan addu'a, amma shi ya bi ɗariƙar Mani, wani mutumin ƙasar Iraƙi ta yau da ya rayu a ƙarni na uku. Mani ya koyar da cewa iko biyu ne tun azal, na haske da na duhu, kuma jikin mutum rabon duhu ne. Koyarwar tana da daɗin ji ga saurayin da sha'awa ke ja: in ka yi zunubi, duhun da ke cikinka ne ya yi, hannunka fes. Shekara tara ya yi cikinsu. Duk tambayar da ta gagari malamansu sai a ce masa ya jira babban shehinsu Faustus. Da Faustus ya zo, sai ya tarar da mutum mai daɗin baki da ƙarancin karatu.

A Milan, inda ya samu aikin koyar da balaga a 384, ya saurari wa'azin Bishop Ambros, ya kuma karanta littattafan mabiya Aflatun. Daga nan ya fito da amsar da ta zauna a cocin yamma har yau: mugunta ba halitta ba ce. Ku ɗauki goro misali. Goro abu ne mai kyau, ruɓa kuwa ba ta da jikin kanta, sai ta samu goro ta ci. Allah ya yi goron, bai yi wata aba mai suna ruɓa ba. Haka mugunta take, raguwar kyau ce a cikin abin da asalinsa mai kyau ne. Mafarinta kuma nufin halitta, ko mala'ika ko mutum, da ya juya wa babban alheri baya ya rungumi ƙarami. Aka yi masa baftisma a 387, ya fara rubuta littafi sukutum kan 'yancin zaɓi, don ya nuna wa mutanen Mani cewa mai laifi shi ne mai laifi.

Ku riƙe littafin nan, zai dawo masa.

A birnin Rum akwai wani malami ɗan Birtaniya, Felajiyus, mutum mai gudun duniya, wanda ko abokan gabarsa ba su cika zarginsa da mugun hali ba. Abin da ya dame shi shi ne manyan gari da suka shiga addini bayan ya zama addinin sarauta, suna sheƙe ayarsu, in an yi magana su ce ai ɗan Adam rarrauna ne. Wata rana ya ji wani bishop ya karanto addu'ar Agustin, inda yake roƙon Allah ya fara ba shi ikon biyayya kafin ya umarce shi, sai ya fusata. A ganinsa Allah ba ya umartar bawa da abin da ba zai iya ba, kuma tunda ya ce a yi, to an iya. Adamu mugun misali ya bar mana, bai gadar mana da laifinsa ba.

Agustin ya ce a'a. 'Yancin yana nan, amma gurgu ne. Ya kawo wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Romawa, ya kawo al'adar coci ta yi wa jarirai baftisma (in ba su da dauɗa, me ake wankewa?), ya kuma tuna da kansa, yadda ya daɗe yana son barin zina yana kasawa. Tun da farko ma ya taɓa rubuta cewa ya ga jariri, ko magana bai fara ba, yana hararar ɗan'uwansa don kishin nono. Saboda haka, in ji shi, ko niyyar tuba sai alherin Allah ya riga ta shiga zuciya. Nan Felajiyus ya ɗauko tsohon littafin nan na 'yancin zaɓi ya kafa hujja da shi. Mutumin da ya kare 'yancin ɗan Adam daga hannun Mani, ga shi ana zarginsa da yanka shi. Har kusa da mutuwarsa yana ta bayanin cewa wancan littafi wata rigima daban ya rubuta wa.

Wanda ya karanta tauhidi zai ji kamar ana ba shi labarin Ƙadariyya da Jabariyya, ko da yake Musulunci bai san zunubin gado ba, don haka kamar ta tsaya rabin hanya.

Siyasa ta shigo bayan sojojin wani sarki mai suna Alarik sun fasa Rum a 410. Felajiyus da almajirinsa Selestiyus suka gudo Arewacin Afirka. Aka hukunta almajirin a Kartaj, malamin ya wuce Falasɗinu, inda taron bishop-bishop a Lidda ya wanke shi a 415. Bishop-bishop na Afirka ba su haƙura ba. Paparoma Inosan ya goyi bayansu, ya mutu, magajinsa Zosimus ya karkata ga Felajiyus. Sai a 418 sarkin Rum Honoriyus ya ba da umarnin korar Felajiyus da mabiyansa, bishop sama da 200 suka taru a Kartaj suka la'anci koyarwar, Zosimus ya canja magana. Daga nan tarihi ya ɓatar da sawun Felajiyus.

Wanda ya gaji faɗan shi ne Juliyan, matashin bishop daga Ekilanum a kudancin Italiya, wanda ya gwammace ya rasa kujerarsa da ya sa hannu kan la'antar koyarwar Felajiyus. Ya taɓa Agustin inda yake masa ciwo: ya ce har yanzu kai ɗan Mani ne, riga kawai ka sauya. Ya kuma tambaye shi makomar jaririn da ya mutu ba baftisma. Agustin ya amsa cewa yana cikin hukunci, sai dai mafi sauƙi. A nan, a ganina, dattijon ya bi hujjarsa har ta kai shi inda bai kamata ba. Ayar wasiƙar Romawa da ya fi dogara da ita kan zunubin gado ma a fassarar Latin ya karanta ta, don Girkancinsa ba mai ƙarfi ba ne, kuma fassarar ta ba da ma'anar cewa kowa ya yi zunubi a cikin Adamu. Cocin gabas, masu karatu da Girkanci, sun tsaya kan cewa mutuwa da rauni aka gada, laifin kuwa na mai shi ne.

Abin da ya sa Agustin ya kafe shi ne gicciye. In mutum na iya gyara kansa, me Yesu ya zo yi, misali kawai? Kiristoci sun yarda mutuwar Almasihu fansa ce, amma wa aka biya? Orijin na Iskandariyya ya ce Shaiɗan. Giregori na Nisa ya kwatanta abin da ƙugiya da aka lulluɓe da nama, Agustin kansa ya ce tarkon ɓera ne. Wani Giregorin, na Naziyanzus, ya ce abin kunya ne a ce ɗan fashi aka biya. Sai wajen 1098 Ansalem, babban bishop na Kantabari, ya juya maganar: bashin na Allah ne, mutum ne ya ci shi amma ba zai iya biya ba, don haka sai wanda yake Allah kuma mutum ya yi kafara. Abelar na Faransa ya ce gicciye ƙauna ce da aka nuna don ta narkar da zuciya, sai aka jefe shi da zargin bin Felajiyus. Rigimar 'yancin zaɓi ta sake tashi a 1524 da 1525 tsakanin Erasmus da Martin Luta, wanda shi kansa a ɗariƙar sufaye masu ɗauke da sunan Agustin ya tashi.

Ita cocin Katolika tun a 529, a taron Oranj, ta karɓi maganar Agustin cewa alherin Allah ne ke farawa, ta kuma ƙi cewa Allah na ƙaddara wa wani aikata mugunta.

Agustin bai ga wannan ba. A 429 mayaƙan Bandal suka ƙetaro daga Sifen, shekara na zagayowa suka kewaye Hifo. A wata na uku na kewayen zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya sa aka rubuta masa zaburorin tuba na Dawuda aka manna a bango kusa da gadonsa, ya roƙa a daina shigo masa sai mai magani da mai kawo abinci. Ya rasu ranar 28 ga Agusta, 430, yana da shekara 75. Juliyan ya rubuta masa raddi juzu'i takwas, shi kuwa shida ya samu ya amsa.