Daga Maleficent Zuwa Dodo: Yadda Mugun Tatsuniya Ya Sami Fuska

A ranar 29 ga Janairun 1959 kamfanin Walt Disney ya saki fim ɗin katun mai suna Sleeping Beauty, labarin gimbiyar da aka yi wa baki ta kwanta dogon barci. Gimbiyar ba ta daɗe a zukatan masu kallo ba. Wadda ta zauna daram ita ce mai yin bakin, Maleficent: doguwa, siririya, fuska kore-kore, ƙahoni biyu a ka, ga baƙar alkyabba mai ratsin shunayya tana jan ƙasa. Yau shekara sittin da ɗoriya ke nan, amma masu zane a kwamfuta ba su bar ta ta huta ba. Kullum sai wani ya sake ɗauko ta ya tsofar da ita, ya tsattsaga mata ƙahonin, ya zurma mata idanu, har ta koma abin da ba za a nuna wa yaro da dare ba. Haka ake yi wa sauran mugayen katun na Disney, irin su Ursula da Scar da muguwar sarauniyar Snow White. Masu yi suna ganin sabon abu suka kawo, alhali duhun da suke ƙarawa ya girmi katun ɗin da ɗaruruwan shekaru.

Tsohuwar sigar labarin tana cikin littafin Giambattista Basile, mutumin Italiya, wanda aka buga a 1634. Can babu wata mayya mai ƙaho. Matar sarki ce kishi ya ci ta har ta ba kuku umarnin ya yanka 'ya'yan kishiyarta ya dafa wa ubansu. A 1697 Charles Perrault na Faransa ya sake rubuta labarin, ya shigo da tsohuwar aljana wadda aka manta ba a gayyata suna ba, domin ta fi shekara hamsin ba ta fito daga hasumiyarta ba har an ɗauka ta mutu. Ita ce ta yi bakin cewa yarinya za ta soke hannu da mazari ta mutu. Ko suna Perrault bai ba ta ba. Ainihin abin tsoron ya ajiye shi ne a kashi na biyu, inda surukar gimbiya, wadda jinin dodanni ce, ta nemi cinye jikokinta, ta ƙare a cikin kwatarniyar macizai da kwaɗi da ta tanada domin wasu. 'Yan'uwan nan biyu na Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm, sun yanke wannan kashi daga sigarsu ta 1812. Disney ya tarar da labarin an riga an rage masa ɗaci, shi kuma ya ƙara masa zuma.

Sai dai ba tausayin yara kaɗai ya sa muguwar 1959 ta fito sumul ba. Akwai dalilin sana'a. Fim yana gudu ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa, saboda haka fim mai minti 75 kamar wannan yana cin hoto 108,000. Ko da an riƙa maimaita wasu, dubban zane ne da hannu. Mai zane zai yi da fensir a takarda, a kwafe layukan da tawada a kan falle na roba mai garai-garai, sannan ma'aikatan sashen fenti, waɗanda galibinsu mata ne, su juya fallen su cika launi ta baya. Duk tamoji ɗaya da aka sa a goshin Maleficent, sai an sake zana shi sau dubbai, a daidai wurinsa, in ba haka ba ya riƙa rawa a fuskarta. Shi ya sa Marc Davis, wanda ya jagoranci zana ta, ya zuba dukan ƙarfinsa a siffar waje: ƙaho, tsinin wuyan riga, tsawo, da rashin yawan motsi. Ko an shafe ta da baƙi gaba ɗaya, inuwarta kaɗai ta isa a gane ta. A ganina wannan takura ce ta yi mata rana, domin ita ta bar wa na baya fili. An ba su ƙwarangwal mai kyau, ba a sa masa nama ba.

Kayan sa naman sun zo daga baya, sannu a hankali. A 1983 aka kafa kamfanin Wacom a Japan, mai ƙera allon da ake zane a kansa da alƙalami zanen ya fito a kwamfuta, kuma alƙalamin yana jin nauyin hannu: ka danna layi ya yi kauri, ka sassauta ya sirance. A 1990 manhajar Photoshop ta fito, aikin wasu 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, kuma a wannan shekarar ce Disney kansa ya fitar da The Rescuers Down Under, fim ɗinsa na farko da aka yi wa launi kacokan a kwamfuta. Babban sauyin ya zo a 1994, lokacin da Photoshop ta ba mai zane damar jera aikinsa falle bisa falle, kowane yana zaman kansa. Daga nan sai wurin baje koli: dandalin DeviantArt a 2000, ArtStation a 2014. A tsakani, cikin 2011, Procreate ta fito domin iPad, ibisPaint kuma ta fito daga Japan, wadda yanzu ake zane da ita a wayar hannu ko da ɗan yatsa.

Ga yadda aikin yake a hannun wanda ya iya. Ba ya farawa da launi. Zai fara da baƙar inuwar siffar, don ya tabbata duk wanda ya gani zai ce wance ce. Sai ya gina fuskar da toka-toka zalla, daga mai duhu zuwa mai haske, yana yanke shawarar inda haske zai fito. Nan ne sirrin yake. Idonmu ya saba da haske daga sama, na rana ko na fitilar ɗaki. Da zarar an juyo shi daga ƙasa, inuwar hanci ta haura goshi, ramin ido ya cika da duhu, fuskar da ka sani ta zama baƙuwa. Duk yaron da ya taɓa kafa tocila a ƙarƙashin haɓarsa don ya tsorata ƙannensa ya san wannan darasi. Bayan haka sai ya shimfiɗa launi a wani falle na dabam, ya rage masa kaifi, koren katun ya koma koren gawa. A wani fallen kuma ya ɗora hoton ɓawon itace ko na ƙahon rago na gaske a kan ƙahonin, ya rage ƙarfinsa har ya narke cikin zanen. In abu bai yi ba, ya danna maɓallin komawa baya, ko ya kashe fallen ɗaya ba tare da ya taɓa sauran ba. Abin da ya gagari ɗakin fenti guda a 1959, saboda su motsi suke nema, mutum ɗaya yana yin sa a dare ɗaya, domin shi hoto guda tak yake bi.

Marubuta ma suna ta nasu gefen. A 1995 Gregory Maguire ya fitar da littafin Wicked, inda ya ba da labarin muguwar mayyar tatsuniyar Oz daga ɓangarenta. Hanyoyin biyu sun haɗu a 2014, da Disney ya fitar da fim ɗin Maleficent, Angelina Jolie ta fito a matsayinta. Wanda ya ba da umarni, Robert Stromberg, asalinsa mai zana wuraren fim ne, kuma ya ci kyautar Oscar sau biyu a tsara kamannin fim, a Avatar da Alice in Wonderland. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 750. Abin dariyar shi ne, kamannin sun ƙara duhu amma halin ya yi laushi: an ba ta uzuri, an ce cin amana ne ya mayar da ita haka. Ni dai ta 1959 ta fi ba ni tsoro, wadda ta la'anci jaririya don kawai ba a aika mata goron suna ba.

To, ina mu a cikin wannan? Yaron da ya tashi a Kankiya ko Kusada, ko a Rimaye da Kafin Soli da Yashe, bai rasa mugaye ba. Yana da Kura mai haɗama, da Gizo mai tsamin baki da wayon tsiya, da muguwar kishiyar uwa, da uban gayya Dodo. Bambancin shi ne babu wanda ya taɓa nuna masa hotonsu. Da dare ake tatsuniya, a tsakar gida ko a ɗakin kaka, har ana tsorata yara da cewa yin ta da rana yana jawo ɓata. Muryar mai bayarwa ita ce fenti. In ta kai wurin Dodo sai ta kumbura murya ta ja numfashi, kowane yaro ya ƙera nasa Dodon gwargwadon tsoronsa.

Tatsuniyoyin ma ba su tsaya a kan kama ɗaya ba. A wata, Dodo a ruwa yake, sai an ba shi budurwa ake samun ɗiba. A wata, ya auri 'yar mutane, yana dawowa gida yana shinshina yana cewa yana jin warin mutum. A wata kuma ya haɗiye gari guda da shanunsa, sai an farke cikinsa jama'a su fito. A labarin Auta, da dare yake shigowa gari yana ruri yana neman wanda ya isa ya amsa masa, kowa ya kulle ƙofa, sai ƙaramin yaro ya gasa duwatsu a wuta ya jefa masa a baki, ya bar takalminsa a kan gawar, da safe sarki ya sa a gwada wa mutanen gari. An faɗi girmansa da gashinsa da bakinsa da cikinsa. Ba a faɗi ko idonsa nawa ba.

Ba rashin iya zane ya jawo haka ba. Hannun Bahaushe ya ƙware a dagi da zanen bangon soro, da aska takwas a ƙirjin riga, da zanen ƙwarya, da zayyanar allon mai sauka. Amma duk wannan fasaha ta layi ce da ƙulli da daidaito, ba ta siffanta mai rai ba, kuma matsayin malamai da dama a kan zana mai rai ya ƙara tsare ta a wannan turba. Da boko ya zo, kalmomin aka fara kamawa. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, akasari daga abin da malamai suka rubuta da ajami a ƙasar Sakkwato. R. S. Rattray da A. J. N. Tremearne su ma sun fitar da nasu tarin a 1913. Bayan gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, sannan Magana Jari Ce mai mugun waziri. A 1951 Ahmadu Ingawa, wanda sunansa ke ɗauke da garin da ke maƙwabtaka da Kankiya da Kusada, ya fito da Iliya Ɗan Maiƙarfi. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya tsara Tatsuniyoyi da Wasanni domin 'yan makaranta. An yi 'yan zane-zane a littattafan makaranta, daga baya bangon littattafan yaƙi na kasuwar Kano ya cika da ƙattai da aljanu, amma babu zane ɗaya da ya kafu har jama'a suka yarda cewa wannan shi ne Dodo.

Inda ya sami fuska sosai, a waje ne. Fataken Hausawa sun kai wasan Dodo na watan azumi Wagadugu tun ƙarni na 19, ɗan'uwan tashen da muka sani. Can yara suka riƙa sassaƙa masa fuska da ƙwarya da duma suna shafa mata launi, har wasan ya zama na 'yan gari, ana gasa a kansa a Burkina Faso.

Saboda haka aikin matashin Kankiya da ya sauke ibisPaint a wayarsa ya sha bamban da na takwaransa na Amurka. Wancan yana da fuskar da duniya ta sani, nasa kawai ya dagula ta, kuma daɗin hotonsa yana cikin tazarar da ke tsakanin abin da aka saba da abin da ya mayar da shi. Wannan kuwa ba shi da abin dagulawa. Shi zai fara, kuma wanda ya riga kafa fuskar da ta karɓu, da wuya a tumɓuke ta. Yaran da za su zo bayansa da ita za su rufe ido. Haɗarin a bayyane yake. Idon da ya sha kallon katun da finafinan Indiya masu fassara da wasannin waya, in aka ce ya zana dodo, abin da zai fara zuwa hannunsa shi ne ƙaton Turawa mai koren jiki da gatari, ko aljanin fitila mai ɗan kunne. Tun daga 2022 da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Midjourney suka fara haɗa hoto daga rubutu, abin ya ƙara sauri, domin su daga tulin hotunan da ke intanet suka koya, kuma namu kaɗan ne a ciki. Ana ganin sakamakon a bidiyoyin tatsuniya da ke yawo a TikTok da YouTube: murya ta Hausa, labari na Hausa, amma gidajen da dazukan da dodannin duk na wata ƙasa.

Kayan aikin kuwa suna nan kusa da shi. Akwai fatar kuka mai tamoji da kumburi, akwai tsagewar laka a bakin tafki in rani ya yi nisa, akwai haƙoran kura da tafiyarta mai gajeren baya, akwai saiwar gamji da ke shaƙe wata bishiyar, akwai jar ƙurar hunturu da ke mayar da rana kamar faifai. Wayar da yake zane da ita tana da kyamara, kuma dabarar ɗora hoto a kan falle ɗaya ce ko a Kalifoniya ko a Kusada. Tambayar da za ta fi ba shi wuya ita ce wadda Marc Davis ya warware da ƙahoni biyu: wace siffa ce in an shafe ta da baƙi, tsohuwa a Yashe za ta kalli inuwar ta ce wannan Dodo ne? Tatsuniyar Auta ta ba shi abu ɗaya tabbatacce da zai fara da shi, wato baki mai faɗin da yaro zai iya jefa dutse ciki a cikin duhu bai kuskure ba.